Kantin ɗin makaranta a Faransa: abinci ya yi, kuɗi da sauƙi, amma komai na hannun magajin gari

To 'yan uwa, tunda matan da suka zo da yara kwanan nan sai tambayata suke ko su sa yara a kantin ko su riƙa ɗauko su gida da rana, bari in faɗi abin da na gani gaba ɗaya kowa ya huta. Ni 'yar Maradi ce, muna zaune a wani ƙaramin gari nan Faransa, ƙanana biyu suna firamare babbar kuma ta shiga kolej, wato ƙaramar sakandare, kuma dukansu sun ci abincin kantin tun suna maternel, wato ajin ƙananan yara kafin firamare. Kantin ɗin nan dai shi ne wurin cin abincin rana na makaranta, kada 'yan uwanmu na Najeriya su ɗauka kantin saye da sayarwa nake nufi. Amsata a taƙaice ita ce ku sa su, amma ku sa su da ido buɗe.

Abu na farko da ya kamata mutum ya sani, kantin ɗin firamare ba na makaranta ba ne, na meri ne, wato ofishin magajin gari. Malamar aji ba ruwanta da shi, in kika je mata da maganar abinci za ta ce miki ki je meri, kuma gaskiyarta. Na kolej kuma na hannun hukumar departema, na lise, wato babbar sakandare, na hannun jiha. Dole babu a kan gari ya buɗe kantin a firamare, amma in ya buɗe to kowane yaro da ke makarantar yana da haƙƙin a rubuta shi, ba a cewa wai uwarsa ba ta aiki tana gida ta dafa masa. A garinmu yara na fita aji ƙarfe 11:30 su koma 1:30, a tsakanin nan suke ci su yi wasa, kuma ba malamai ke kula da su ba, ma'aikatan meri ne.

Abincin kansa wallahi ba laifi. Kowace rana akwai abin buɗe baki, kamar karas da aka goga ko tumatir ko bitarab, sai babban abinci da mahaɗinsa, shinkafa ko taliya ko dankali ko ganye, sai cuku ko yawurt, sai 'ya'yan itace ko wani ɗan kayan zaƙi, ga burodi da ruwa iya cinka. Ba a nan makarantar ake dafawa ba a wurinmu, wani babban kicin ne ke dafawa a sanyaya a kawo da mota a ɗumama, don haka kada ki sa ran ɗanɗanon tukunyar gida, gishiri kaɗan, yaji kam ko ƙanshinsa babu, ƙaramin nawa da ya fara zuwa cewa ya yi Mama abincinsu ba a gama dafawa ba. Amma da tafiya ta yi tafiya yaran nan suka koyi cin ganyen da ni ko da bulala ban iya sa su ci ba, burokoli, alayyafo, har da wani cuku mai wari da ni ko kusa ba na zuwa. Akwai dokar da ake kira EGalim ta 2018 da ta ce rabin kayan abincin kantin ya zama mai inganci, kashi 20 cikin 100 kuma wanda aka noma ba da maganin zamani ba, ita ce kuma ta kawo abinci marar nama marar kifi sau ɗaya a sati tun daga Nuwamba 2019. Ranar nan ce ranar da hankalin uwa musulma ke kwance ɗari bisa ɗari.

Kuɗi kuma gwargwadon samun gida ne, suna duba lissafin da CAF, wato hukumar tallafin iyali, ke yi na kuɗin shigarku da yawan yaranku, mai ƙaramin ƙarfi ya biya kaɗan mai hali ya biya da yawa, kuma kwano ɗaya ne ake zuba wa duka. Wasu ƙananan garuruwa ma gwamnati na tallafa musu su ba talakawa a kan yuro 1 ko ƙasa da haka. Mu abin da muke biya ko sanwic ɗaya ba zai saya miki a bakin tasha ba. A nan kam na jinjina musu.

Yanzu ga inda maganar take. Ranar da kika je cika takardar rajista ba za ki ga inda aka tambaye ki addininki ba, kuma ba wanda zai tambaye ki da baki. Abin da za ki gani a takardar garinmu gida uku ne, abinci na kowa, sai sans porc wato ba alade, sai sans viande wato ba nama gaba ɗaya. Halal babu, kosha na Yahudawa babu. Da farko abin ya ɗan sosa min rai, amma da na zauna na yi tunani sai na ga tsarin ya fi min, domin gidan ba nama ɗin nan ba na musulmi ba ne su kaɗai, akwai 'yar wata Ba'indiya maƙwabciyarmu a ciki, akwai yaran turawan da iyayensu ba su cin nama don ra'ayinsu, ba wanda zai kalli farantin yaro ya ce ga addinin gidansu. Ni shi na zaɓa, saboda wanda ya zaɓi ba alade kaɗai to za a ba ɗansa kaza ko sa ko talo-talo da ba yankan musulunci ba, wasu iyayen sun yarda da wannan suna kafa hujja da halaccin yankan ahlul kitabi, wasu ba su yarda ba, wannan kowa ya tambayi malaminsa ba ni zan yanke ba. A maimakon naman ana ba su kifi ko ƙwai ko wake da danginsa, sai dai gaskiya omlet ɗin yana yawa, akwai satin da yarinyata ta ce in ta ƙara ganin ƙwai za ta yi kuka.

Duk wannan yana tafiya ne ƙarƙashin abin da suke kira layisite, raba addini da gwamnati, wanda tushensa dokar 9 ga Disamba 1905 ce da ta ce jamhuriya ba ta ɗauki wani addini nata ba, ba ta biyan albashin malaman addini, ba ta ba addini tallafi, amma ta lamunce wa kowa ya yi addininsa. A bakin ƙofar makaranta ma za ki ga an manna wata takarda mai sharuɗɗa 15 a kan haka, tun 2013 aka fara manna ta. Kuma in za a faɗi gaskiya a cikin ɗakin cin abincin nan suna cika wannan alƙawari, ba gicciye a bango, ba a sa yara addu'ar wani addini kafin a ci, ma'aikaciya ba ta da izinin sa ɗan kwali na addini ko babban gicciye a bakin aiki, ko da ma kamfani ne ya ɗauke ta ba meri ba, dokar Agusta 2021 ta haɗa har da su. Akwai wata baiwar Allah 'yar Maroko da ke aiki a kantin ɗinmu, a bakin ƙofa take cire mayafinta ta sa hular kicin, in ta tashi ta mayar. Yarana kuma ba wanda ya taɓa hana su yin bismilla a ransu ko a hankali. Na san abin da ake ji in yaro marar rinjaye ya zauna a makarantar da ake sa kowa addu'ar masu rinjaye, ko a gida muna da irin wannan ta kowane ɓangare, don haka wannan shirun na kantin ni ban raina shi ba.

Matsalata ɗaya ce kuma babba ce, wannan gida na ba alade ko ba nama da kika gani a takarda ba haƙƙinki ba ne, alfarma ce, magajin gari in ya ga dama ya bari in ya ga dama ya cire. Ba ni na ƙirƙira ba. A garin Chalon-sur-Saône tun 1984 ake ba yara wani abinci a madadin alade ba wanda ya ji kansu, sai a 2015 magajin garin, Gilles Platret, ya ce an daina, wai don kare layisite. Aka tafi kotu, daga Dijon zuwa Liyon har zuwa Conseil d'État, babbar kotun da ke shari'a tsakanin mutane da hukuma, ita kuma a ranar 11 ga Disamba 2020 ta yanke cewa layisite bai hana gari ba da abincin madadi ba, amma kuma ba abin da ya tilasta wa gari ya bayar. To kin ji fa. Hujjar magajin garin ta faɗi, amma ke uwa ba ki samu abin riƙewa a hannu ba. A Beaucaire kuma can kudu, magajin garinsu na jam'iyyar su Le Pen ta masu tsattsauran ra'ayi a farkon 2018 ya cire madadin ya kuma sa alade duk ranar Litinin. Shi kuwa tsohon shugaban ƙasa Sarkozy lokacin yaƙin neman takara a 2016 cewa ya yi yaron da ba ya cin alade a ninka masa soyayyen dankali. Yaro ɗan shekara 6 fa ake magana, wanda bai san ma me ake kira siyasa ba.

Ni a ganina wanda ya ce farantin alade shi ne tsaka-tsaki bai fahimci dokar da yake kafa hujja da ita ba. Gwamnati ce aka ce kada ta yi addini, ma'aikacinta aka ce kada ya nuna nasa a bakin aiki, ba cikin yaro aka ce ya zama ba ruwansa da addini ba. Kuma in an cire madadin ba ɗan musulmi kaɗai ke tashi da yunwa ba, ɗan Bayahude ma haka, abin da ya ci Doma ai ba ya barin Awai. Mu a garinmu alhamdulillahi ba a taɓa taɓa shi ba, amma duk lokacin da zaɓen magajin gari ya matso, wanda ake yi duk shekara 6, sai ki ji mata a bakin makaranta suna tambayar juna wane ne zai ci kuma me ya ce a kan kantin. Bai kamata abincin ranar yaro ya rataya a kan akwatin zaɓe ba.

Wani abin da ke ba ni dariya wani lokaci kuma ya ba ni haushi, ki duba jadawalin abincin wata guda ki ƙirga ranar da kifi ke faɗowa, sau da yawa Juma'a ce, wannan kuwa tsohuwar al'adar Katolika ce ta barin nama ranar Juma'a, amma ba wanda ke kiran sa addini, sun ce al'ada ce. A Disamba akwai babban abincin Kirsimeti da ado da cakulan, a Janairu akwai wainar galet ta bikin sarakuna, lokacin Ista a raba ƙwan cakulan. Ni ba na ƙin ko ɗaya, yarana na murna da su suna ci, sai dai in an kawo alewa mai jelatin su san su bari. Abin da nake cewa kawai, in kifin Juma'a bai rushe jamhuriya ba to omlet ɗin ranar alade ma ba zai rushe ta ba. Haka ranakun hutu, cikin 11 na ƙasa 6 na Kirista ne, Litinin ɗin Ista, hawan Yesu sama, Litinin ɗin Fentikos, 15 ga Agusta, 1 ga Nuwamba da Kirsimeti. Sallah ƙarama da babba ba ko ɗaya, Yom Kippur na Yahudawa ma babu, sai dai an yarda yaro ya yi fashin makaranta ranar babban idin addininsa in iyaye sun rubuta, kuma a tuna a soke abincin ranar da wuri in ba haka ba sai kin biya kwanon da ba a ci ba. Hatta hutun Laraba da yara ke samu asalinsa tun dokar 1882 ne, da aka ware rana ɗaya a sati don iyaye su kai yara karatun addini a wajen makaranta, da Alhamis ce sai a 1972 aka mayar Laraba, mu ma yanzu ranar muke kai namu islamiyya, kin ga ta nan mun ci riba. Amma in na tuna a Nijar da kusan kowa musulmi ne ana hutun Kirsimeti da Litinin ɗin Ista tare da na sallolin biyu da Mauludi, Najeriya ma haka ake haɗawa, sai in ce a wannan fannin dai ba su da abin da za su koya mana.

Wata ƙawata da ke Strasbourg in muna waya har tsokanata take, domin su a kantin ɗinsu har da zaɓin halal a takarda, ga na kowa, ga ba alade, ga na masu cin ganye. Can yankin Alzas da Mozel labarinsu daban ne, lokacin da aka yi dokar 1905 suna hannun Jamus, tun 1871 har 1918, da suka dawo sai aka bar su da tsohon tsarinsu, har yau gwamnati ke biyan albashin fada-fada na Katolika da fastoci na Furotesta da malaman Yahudawa, ana kuma koyar da addini a makarantar gwamnati, kotun tsarin mulki ma ta tabbatar da hakan a 2013. Limamai dai ba sa cikin masu albashin, tunda lokacin da aka tsara abin ba a lissafa da musulunci ba. Ƙasa ɗaya, tuta ɗaya, a wani gari ana ba yaro naman halal a makarantar gwamnati a wani gari ana kai ƙara kotu a kan ƙwai. Ni ban ma nemi halal ba fa, na fahimci masu cewa in gari ya fara sayen nama da shaidar wani addini to sai ya saya na kowa, kuma wa zai tantance shaidar, rigima ce sabuwa. Abin da Liyon ta daɗe tana yi ya ishe ni, abinci biyu kullum, mai nama da marar nama, kowa ya zaɓa ba sai ya faɗi dalili ba. A mayar da wannan doka ta ƙasa baki ɗaya mana, a cire shi daga hannun 'yan siyasar gari.

Sai maganar ma'aikata, wadda a ƙarshe ita ce yaro ke gani ba hukuncin kotu ba. Yawancinsu mutanen kirki ne, albashinsu kaɗan ga hayaniyar yara kamar kasuwa, akwai wata dattijuwa a cikinsu da ta haddace yaran da ba su cin nama ɗaya bayan ɗaya, in akwai guntayen alade a cikin miyar wake ko a salad ita ke fara cewa kai kada ka taɓa wannan. Kuma wannan ne abin lura, alade a nan ba kullum yake zuwa a fili ba, yana ɓuya a cikin kek mai gishiri, a cikin pate, a cikin ƙananan yanka da ake watsawa a taliya, don haka ki koya wa yaro ya tambaya. Amma an taɓa kawo wata sabuwa ta riƙon ƙwarya da ta zuba wa ɗana nama ta ce ya ɗanɗana ko kaɗan ne, ƙa'idarsu ce wai yaro ya ɗanɗana komai, yaro ya ƙi ya zauna da burodi har aka tashi. Ban yi faɗa ba, baban yara ya rubuta wa ofishin da ke kula da kantin a meri cikin ladabi ya ce ga abin da muka cika a takarda ga abin da ya faru, suka ba da haƙuri kuma bai sake faruwa ba. A nan rubutu ke aiki, in kika tsaya hayaniya a bakin ƙofa ke za a mayar mai laifi. Wata shekara kuma sai suka fara tara yaran ba alade da ba nama a tebur ɗaya wai don sauƙin rabo, to kin ga an koma gidan jiya, takarda ba ta tambayi addini ba amma tebur ya faɗa, duk wanda ya leƙo ya san teburin su wane ne. Iyayen da ke majalisar makaranta suka ɗaga maganar, cikinsu har da turawan da abin bai shafi yaransu ba, aka watsa teburin kowa ya koma wurin abokansa.

Ga masu 'yan mata da suka tasa, kantin ɗin kolej da lise cikin makaranta yake, don haka dokar 15 ga Maris 2004 na aiki a ciki, ba hijabi, ba hular Yahudawa, ba rawanin Sikh, ba babban gicciye, ƙaramar sarƙa da ba ta fito fili ba an yarda, abaya ma an hana tun shigar makaranta ta 2023 lokacin Gabriel Attal na ministan ilimi. A rubuce dokar ta hau kan kowa daidai, a aikace kowa ya san wanda ta fi dannewa, tunda ɗan gicciye na shiga cikin riga ɗan kwali kuwa ba ya shiga. Ku iyaye mata dokar ba ta hau kanku ba, da mayafina nake shiga taron iyaye, da shi na je ranar da aka gayyace mu mu ɗanɗana abincin kantin, ba wanda ya ce min uffan. A kolej ɗin babbar tawa layi suke bi da tire kowa ya ɗauki abin da yake so, wannan ya fi sauƙi, sai dai in ajinsu ne na ƙarshe a layi kifin kan ƙare ta dawo gida da yunwa tana huci.

Lokacin azumi kuma, na firamare in sun fara gwada rabin yini ko 'yan kwanaki sai ki shiga shafin meri a intanet ki soke ranakun tun da wuri, kowane gari da wa'adinsa, kuma ki sani in ba ya cin kantin ranar to sai kin zo kin ɗauke shi 11:30 kin mayar 1:30, ba za su bar shi ya zauna a tsakar makaranta ba. A kolej kuɗin na zango ne, wasu na rage miki na watan azumi in kin rubuta kafin ya kama wasu ba sa ragewa, ki tambaya tun farkon shekara a ba ki amsa a rubuce. In kuma yaro na da cutar da wani abinci ke tayar masa, wannan hanyarsa daban, likita ke cika takardar da ake kira PAI, kada ki haɗa ta da maganar addini, kuma don Allah kada a je a yi ƙaryar cuta don a kauce wa alade, ana ganewa kuma mu duka ake shafa wa. Masu shirin ƙaura daga wani gari zuwa wani, kafin ku sa hannu a takardar haya ku buɗe shafin merin garin ku duba takardar kantin ɗinsu, in ba ku ga gidan ba alade ko ba nama a ciki ba ku buga waya ku tambaya.